Tsattsewar Goruba da Tarihin Itatuwan Ƙasar Daura

Idan ruwan shuka ya sauka a ƙasar Daura, shinge ya taso daga suri, sararin sama kan cika da wasu ƙananan tsuntsaye masu fiffike kamar lauje, suna ta shawagi har magariba. Bahaushe ya yi musu kuɗin goro, ya kira su tsattsewa. A wajen masana kuwa dangi biyu ne da ba su haɗa kaka ba. Akwai wadda ke sauka a kan wayar lantarki, ta ɗebo laka ta gina sheƙa a cikin zaure. Akwai kuma wadda ba a ganinta zaune a reshe ko a waya, domin ƙafafunta gajeru ne ƙwarai, ba abin da suke iyawa sai maƙalewa a jikin bango ko dutse ko ganye. Sunan da aka ba wannan dangi na biyu, Apodidae, daga Girkanci aka samo shi, ma'anarsa marasa ƙafa. A sama suke kama ƙwarin da suke ci, a guje suke shafar bayan tafki su sha ruwa. A 2016 masu bincike na Jami'ar Lund ta ƙasar Sweden suka nuna cewa irin da ke zuwa Afirka daga Turai takan yi wata goma a sama ba ta sauka ba.

Tsuntsun da ya mallaki sama haka yana da rauni guda, wato ƙwai ba ya zama a iska. Dole ya nemi wurin da zai liƙa sheƙa, kuma abin liƙin nasa yawu ne. In lokacin haihuwa ya gabato, matsattsarar yawun da ke ƙarƙashin harshensa takan kumbura, ta riƙa fitar da wani ruwa mai danƙo da ke bushewa ya yi tauri kamar ƙaro. Da shi yawancin dangin ke gini. Bambancinsu kawai inda kowa ya zaɓa: wani kogo, wani ganyen giginya, wani ƙarƙashin gada. Kuma da yake kowane iri kan naɗe wa wuri guda, makomarsa takan rataya ga mutanen da ke iko da wannan wuri.

Inda aka fi ganin haka a fili shi ne kudu maso gabashin Asiya. A can akwai ƙananan tsattsewa na zuriyar Aerodramus da ke haihuwa a cikin kogunan duwatsu masu duhun gaske. Suna shiga ne da kunne, kamar jemage: tsuntsuwar ta riƙa ƙyasta murya ƙas-ƙas, tana sauraren amsa-kuwwa, ta haka take gane inda bango yake. Wani iri daga cikinsu da yawu tsantsa yake gina sheƙarsa, aikin fiye da wata guda, kuma wannan sheƙa ce Sinawa suka ɗauki ɗaruruwan shekaru suna saye da tsada don yin romo. Kogunan Niah a Sarawak da na Gomantong a Sabah, duk a tsibirin Borneo, sun zama kamar rijiyar zinariya. Masu ɗiba kan hau tsanin gora da igiya har rufin kogon, da fitila a hannu, faɗuwa ɗaya kuma ajali ne.

Abin lura shi ne an daɗe ana wannan ɗiba ba tare da tsuntsun ya ƙare ba. Kowane kogo, wani lokaci ma kowane lungu na kogo, yana da masu shi na gado, ko kuma yana hannun sarkin yankin. Mai gado ya san in ya kwashe sheƙa da 'ya'ya a ciki, baɗi shi ne zai yi asara. Don haka aka tsayar da lokuta: a ɗiba kafin a sa ƙwai, a bar ta ta sake gini ta ƙyanƙyashe, sai 'ya'ya sun tashi a ɗiba na biyu. Da farashi ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen ƙarni na 20, aka fara ba 'yan kwangila hayar koguna na ɗan lokaci, wannan lissafi ya rushe. Ɗan haya ba ruwansa da baɗi. Yawan tsuntsayen Niah ya faɗi warwas, hukuma ta hana ɗiba ɗungurungum na wasu shekaru, sai hanin ya kori masu gadon daga bakin kogo ya bar wa ɓarayi fili. A 1994 ƙasar Italiya ta nemi a sa waɗannan tsuntsaye cikin jerin yarjejeniyar CITES mai sa ido kan cinikin namun daji, ƙasashen da ke cin moriyar cinikin suka ƙi.

A tsibiran Andaman na Indiya wani masani mai suna Ravi Sankaran ya kai ga fahimtar da ta saɓa wa al'adar masu kare namun daji. Ya ga cewa dokar da ta haramta taɓa sheƙar kwata-kwata ita ce ke hana mutanen wurin tsaron kogo, tun da ba abin da za su samu. Ya ɗauki tsofaffin masu ɗiba su yi gadin koguna dare da rana har 'ya'ya su tashi, bisa fatar cewa sheƙar da aka gama amfani da ita za ta zama tasu. A 2009, shekarar da ya rasu, gwamnatin Indiya ta sassauta dokar don a gwada wannan tsari. A Indunusiya da Maleshiya kuwa mutane suka koma gina wa tsuntsun benayen siminti marasa taga, da lasifika tana kwaikwayon kukansa, har yawancin sheƙar da ke kasuwa a yau daga irin waɗannan gidaje take fitowa. Ba ko'ina ba ne ɗan Adam ya yi ɓarnar da hannunsa. A tsibirin Guam wani maciji mai hawa bishiya, wanda ya shigo cikin kayan soja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ya cinye yawancin tsuntsayen dajin, tsattsewar kogon wurin ta rage a 'yan koguna ƙalilan a kudancin tsibirin. An sa ta cikin jerin masu fuskantar ƙarewa a 1984.

Babu tsattsewar kogo irin wannan a doron Afirka. Mafi kusa suna can tsibiran Seychelles da Mauritius a tekun Indiya. Ƙasar Daura kuma jigawa ce shimfiɗaɗɗiya, rairayi da fadamu, ba ƙasar koguna ba. Amma tana da 'yar'uwarsu da ta yi kama da su a wajen naɗe wa gida ɗaya, wadda masana ke kira Cypsiurus parvus. Siririya ce, launin toka-toka, mai doguwar wutsiya mai tsini. Kogonta shi ne bayan ganyen giginya ko na goruba, musamman tsohon ganyen da ya sunkuyo ƙasa. A nan take tara gashin tsuntsaye da audugar tsirrai da ta cafke a iska, ta liƙa su da yawu a tsaye jikin ganyen, 'yar sheƙa da ba ta kai tafin hannun yaro ba. Da yake iska na kaɗa ganyen dare da rana, ƙwan ma, ɗaya ko biyu, da yawu take liƙe shi. A tsaye take kwanci, maƙale da farce, kusan kwana ashirin. 'Ya'yan su ma da farce suke riƙe kansu har wajen wata guda kafin su tashi. Duk mai son ganinta ya nemi inda goruba ko giginya suka yi tsayi. Inda babu irin waɗannan itatuwa, ba kasafai take zama ba.

Ƙungiyar IUCN mai tantance halittun da ke cikin haɗari ba ta sa wannan tsuntsu cikin masu fuskantar ƙarewa ba. A kudancin Afirka ma ƙaruwa ya yi, saboda itatuwan kwalliya dangin dabino da aka daddasa a birane. Sai dai wanzuwar tsuntsu a nahiya daban, wanzuwarsa a gonakin Zango ko Baure ko Mai'aduwa daban. Wannan na biyu ya danganta ne ga tarihin itatuwa biyu, kuma tarihin nasu na siyasa ne da tattalin arziki.

Goruba da giginya ba su taɓa zama itatuwan banza ba a ƙasar Hausa. Goruba, wadda ita ce ke rabuwa biyu-biyu tana yin rassa saɓanin 'yan'uwanta, tana ba da 'ya'yan da ake gaigaya, tana ba da kaba da ake saƙa tabarma da igiya da mafici. A shekarun yunwa, kamar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, tana cikin abin da talaka ke komawa gare shi. Giginya kuwa ita ce ƙashin bayan ginin Hausa. Daga gangar jikinta ake tsaga azara, wadda gara ba ta cinta da sauƙi, da ita ake ɗaura rufin soro da bakan gizo. Sorayen fadar Daura da masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a ƙarni na 19, duk azara ce ke riƙe da su. Kowane soro kenan kabarin giginya ne da ta yi shekaru gommai tana girma. A da abin bai yi tsanani ba, domin soro na sarauta ne da attajirai, yawancin mutanen karkara a ɗakin ciyawa suke, kuma azara nauyi gare ta, jaki ba ya kai ta nesa.

Ƙasar Daura ta shiga ƙarni na 20 a rarrabe. Bayan jihadi, wajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi birnin, zuriyar Sarkin Gwari Abdu suka kafa sarautunsu a Zango da Baure, suna jingine da Damagaram. Kusan shekara ɗari yankin na zaman kan iyaka, ana kai hari ana ramawa. Irin wannan zama yakan tattara mutane kusa da ganuwa, ya bar daji mai faɗi tsakanin garuruwa, dajin da yaƙi ne ke tsaronsa. Da Ingila da Faransa suka ja iyakarsu, Turawan Ingila suka dawo da Malam Musa na Zango kan gadon Daura a 1904, tsoron hari ya kau, mutane suka bazu suna saran sababbin gonaki. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, ga kuma haraji da sai da kuɗi ake biya. Jigawar Daura ta karɓi gyaɗa. Saurar da a da ake bari ta huta ta riƙa raguwa. Kuɗin gyaɗa ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma ya so soro, mota kuma ta zo ta sauƙaƙa jigilar azara.

Ɓarnar da ta fi wuyar gani ita ce ta ƙananan itatuwa. Muruci da ake dafawa ana sayarwa a tasha jaririyar giginya ce da aka tono kafin ta fito. Kaba kuwa goruba ce da ba a bari ta tashi ba. Muddin ana yankan ganyenta kowace shekara, ana sassabe ta kafin shuka, dabbobi na cin tohonta da rani, za ta yi shekaru a duƙe ba ta yi gangar jiki ba. Mai wucewa zai ga fili cike da kaba, ya ɗauka goruba na nan da ranta. Gaskiya ne tana nan, amma tsattsewa ba ta haihuwa a kaba, sai a ganyen da ya yi nisa da ƙasa. Haka abin ya faru a kwarin Gulbin Kaba da ke jihar Maraɗi, wanda daga kabar ma ya samo sunansa: manyan goruba suka tsufa suka faɗi, na bayansu ba su samu sararin maye gurbinsu ba.

Turawan mulki sun lura da raguwar itatuwa, sai dai sun fassara ta da tasu fahimtar. Wani farfesan gandun daji na Jami'ar Edinburgh, E. P. Stebbing, ya zagaya wannan yanki a 1934, ya koma ya yi shelar cewa Sahara na tahowa kudu, za ta cinye arewacin Nijeriya. Maganar ta tayar da hankali har Ingila da Faransa suka kafa kwamitin haɗin gwiwa da ya bi kan iyakar a 1936 da 1937. Kwamitin bai ga alamar rairayin Sahara na tafiya ba, abin da ya gani shi ne sara da kiwo da noma. Maganin da gwamnatocin biyu suka zaɓa shi ne doka. A ɓangaren Nijeriya aka keɓe gandun daji a ƙarƙashin En'e, aka sa neman izini kafin saran wasu itatuwa. A ɓangaren Faransa dokar 4 ga Yuli 1935 ta jera itatuwan da aka haramta taɓawa, har da giginya da gawo, Jamhuriyar Nijar kuma ta gaji wannan tsari bayan samun 'yanci.

A nan ne labarin ya haɗu da na kogon Niah. Manomin da aka ce itacen da ke tsakiyar gonarsa na hukuma ne, in ya sare reshe malamin daji zai ci shi tara, ba shi da dalilin renon tsiro. Abin da ya fi masa sauƙi shi ne ya kashe shi tun yana ƙarami, kafin ya girma ya jawo masa magana. Dokar ta tsare tsofaffin itatuwa na ɗan lokaci, ta yanke zuriyarsu. Sai farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 suka zo suka tarar da gonaki tsirara.

Juyin ya faro ne daga arewacin iyaka. A 1983 wani ɗan Ostareliya mai aikin gona a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na ƙasa. In aka zaɓi toho ɗaya ko biyu aka rage sauran, itace zai tashi cikin 'yan shekaru ba tare da dashe ko ban ruwa ba. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani, ko da yake kakanninsu sun santa. Abin da ya ba ta ƙarfi shi ne sassaucin da aka samu wajen ikon hukuma a kan itatuwan gona, wanda dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 suka ƙarfafa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa kimanin hekta miliyan 5 ne suka sake yin itatuwa a kudancin Nijar. Inda abin ya fi yawa har da Magarya da Matamai da Mirya, maƙwabtan Daura na jini da kasuwa, inda gawo ya rufe gonaki. A Damagaram ana ba da labarin cewa Sarki Tanimu ya taɓa kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo a ƙarni na 19. Amma gawon da ake gani yau ba tsoron sarki ne ya tsayar da shi ba, manomi ne ya tabbata nasa ne.

A ɓangaren Nijeriya hanyar da aka fi bi ita ce dashe. Bayan ƙirƙiro jihar Katsina a 1987, shirin dashen itatuwa da Tarayyar Turai ta tallafa ya raba miliyoyin tsirrai a arewacin jihar, aka ja shingayen tare iska, daga baya kuma shirin Babbar Ganuwar Itatuwa ta Afirka ya biyo sahu. Yawancin abin da aka dasa bedi ne, wato darbejiya, baƙuwar da aka shigo da ita Borno a 1928, sai turare. Sun yi amfani: sun ba da inuwa da makamashi, sun rage gudun iska. Sai dai lissafin da ake yi na yawan itatuwa ne, ba na irinsu ba. Gari na iya yin kore shar da bedi alhali babu goruba mai tsayi ko ɗaya a kewayensa. Goruba ba ta da farin jini a wajen masu shirin dashe saboda jinkirin girmanta, kuma ita ce ta fi dacewa da sassabin zamani, tun da kabar na nan a ƙasa tana jira. Abin da take bukata shi ne mai gona ya ware wasu tushe ya hana yanka na shekaru, kuma wannan na nufin a daidaita da mata masu saƙar tabarma da makiyaya, waɗanda su ma da kabar suke rayuwa. Wannan sulhu ya fi raba tsirrai a leda wuya, shi ya sa ba a cika jin sa a jawabin bikin dashe ba.

Akwai wata tsattsewar da zamani ya yi wa rana. Ita ce Apus affinis, baƙa mai farin ƙugu da guntuwar wutsiya. Asalinta mazauniyar tsagar dutse ce da bakin kogo, don haka a ƙasa irin Daura wurin zamanta kaɗan ne a da. Da siminti ya zo, aka gina gadoji da kwalbatoci da tankunan ruwa da benaye, sai ta same su tamkar duwatsun da aka kawo mata har gida. Takan yi sheƙa cunkus, gommai a manne da juna, gashi da ciyawa da yawu, da yamma kuma garken ya tashi yana kewaya wurin da tsuwa. Ita ma rayuwarta na hannun mai ginin. Gyaran fenti guda a lokacin haihuwa ya isa ya share garke. Abin da ya sami 'yar'uwarta ta Turai ke nan: gyaran tsofaffin gidaje ya toshe ramukan da take shiga, yawanta a Birtaniya ya ragu da fiye da rabi daga 1995, aka sa ta a jan jeri a 2021, har ana yi mata tubali mai rami a sababbin gine-gine.

Tsuntsun da ba a ci, ba a sayarwa, ba ya ɓarna a gona, ba kasafai ake lura da raguwarsa ba. Ungulu ma, da girmanta, ta ɓace daga mahautan garuruwan Hausa kafin yawancin mutane su ankara, sai a 2015 aka ayyana ta cikin mafi tsananin haɗari. Rubutaccen tarihin tsuntsayen wannan yanki ya faro ne da baƙi masu wucewa, irin su Angus Buchanan da ya tashi daga Kano a 1920 ya bi ta Damagaram zuwa Azbin yana tara samfuri don gidan tarihin Rothschild da ke Tring. A 1964 aka kafa ƙungiyar masana tsuntsaye ta Nijeriya, wadda mujallarta ta koma Malimbus a 1979. Daga 2015 cibiyar APLORI ta Jos ta fara aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya, inda aka yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi, matasa 'yan sa-kai na arewa suna shiga suna rubuta abin da suka gani da waya.

A watan Fabrairun 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Kowace gada da kwalbatin da aka zuba a kan layin sabon gida ne ga mai farin ƙugu, gonakin da aka share don shimfiɗa shi kuma da itatuwansu suka tafi.